Kada ki bari a canza miki ƙwayar suga a bakin kasuwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa da kika ce sati biyu ke nan da aka ɗora ki a kan metformine, maganin ciwon suga, cikinki ya ƙi zama, ga zawo ga tashin zuciya, kuma wani mai sayar da magani ya ce ki ajiye shi ya ba ki wata 'yar ƙaramar ƙwaya da ba ta taɓa ciki, kina tambaya ko ki karɓa. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi salati, kamar labarina aka ɗauko aka rubuta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Don girman Allah kada ki karɓa.

Shekarata 9 da ciwon nan. A nan Garwa aka gano shi, ranar da awon suga na safe ya nuna 2.80 (gram a lita, g/L, da shi ake lissafi a nan) ban sa komai a bakina ba. Likita ya rubuta mini Glucophage 850, wato metformine ɗin nan, ɗaya da safe ɗaya da dare. Ni kuwa sana'ata bandar kifi ce, ina ɗaukowa daga Lagdo, ranar Lahadi in kai kasuwar Pitowa. To ki duba mace a tsakiyar kasuwa, ciki na murɗawa, ga mai saye a tsaye, ga banɗaki can nesa. Bakina kullum kamar na tsotsi ƙusa. Akwai ranar da na sauka daga mota sau biyu kafin mu iso gada, direba na tsaki, fasinja na kallona. Kunyar da na sha Allah kaɗai ya sani. Saboda haka ba zan ce miki raki kike yi ba.

Yaron da ya cuce ni ɗan unguwarmu ne, a gabana aka haife shi, har sunansa na ci. Tebur yake kafawa da kwalayen magani. Na yi masa kukan cikina, sai ya ce, Mama ai wancan na masu kuɗi ne, ga na gaskiya nan, ƙarami ne amma ya fi ƙarfi, kuma rabin kuɗi. Da almakashi yake yanko mini, goma-goma, ko sunan ba ya karantuwa. Ya ce in sha kamar yadda nake shan wancan, ranar da na ji suga ya hau kuma in haɗa biyu. Ciki ya lafa, na yi ta sa masa albarka. Har kifi na aika wa uwarsa. Ashe gara na guje wa na faɗa wa zago.

Wata Lahadi ce a watan Afrilu, kin san zafin Garwa a lokacin, 40 ma wasa ne. Daren Asabar mun je biki na ɗan sha folere, wato zoɓo, mai sukari, sai da asuba na ce bari in biya bashi, na haɗiyi biyu da ruwan shayi ba sukari, na fita ban karya ba don kada mota ta bar ni. Wajen ƙarfe 11 gumi ya fara keto mini, mai sanyi, ba irin na rana ba. Hannu na rawa, gaba na faɗuwa, ga wata yunwa kamar ana yagar hanjina. Wata ta ba ni jaka biyu in ba ta canji, na tsaya ina kallon kuɗin na kasa lissafi, ni da nake lissafin kwando 20 da ka. An ce har zaginta na yi, ni ban sani ba. Harshe ya yi nauyi, ina jin maganar mutane amma na kasa amsawa. Wannan ta ce iskoki ne, wannan ta ce shanyewar jiki ce, aka kwara mini ruwa, wani ya zo da tofi, wata ta turara mini hayaƙi. Akwai wata yarinya mai tallan alawa, ina ganinta dishi-dishi, ta miƙo, sai maƙwabciyar rumfata ta buge hannunta ta ce, ke kada ki kashe ta, mai suga ce, ba a ba ta zaƙi. Da zuciya ɗaya ta faɗa, ban riƙe ta ba. Amma alawar nan ita ce maganina a lokacin, ina kallonta ta faɗi cikin ƙasa na kasa cewa uffan. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Daga nan ban ƙara sanin komai ba. A bayan mota aka kwanto ni tun daga Pitowa, kilomita kamar 15, kaina a cinyar ɗiyata. A asibiti awo ya nuna 0.38. Aka yi mini allurar ruwan sukari ta jijiya, na buɗe ido kamar wadda aka tasa daga barci ina tambayar ina kifina. Na ce a sallame ni, likita ya ƙi, ya ce irin ƙwayar nan tana daɗewa a jiki, suga zai sake faɗuwa. Haka kuwa aka yi, cikin dare ya sake sauka. Kwana biyu ina kan ƙarin ruwa. Kifin ya watse, lalitata da cinikin ranar babu ita babu dalilinta. Da ɗana ya kawo sauran ƙwayar aka haɗa guntayen takardar, sai ga sunan ya fito, glibenclamide 5, wanda wasu suka fi sani da Daonil.

Yaron nan ko sannu bai zo ya yi mini ba. Da na warke na tsaya gaban teburinsa, ya ce, Mama ai ƙaddara ce, mutum nawa na ba su ba abin da ya same su. Ƙaddara! Na san ƙaddara, amma ƙaddara ce ta yanke sunan magani da almakashi? Maigidana ya so a kai maganar gaba, dattawan unguwa suka shiga, wai a duba zumunci. Uwarsa kuwa ta daina gaishe ni, ni da na kusa mutuwa ni ce mai laifi. Ya sayi sabon moto a shekarar. Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba.

Kada a ce na ɓata maganin. Glibenclamide magani ne na gaske, likitoci na rubuta shi, akwai masu shansa a cikinmu lafiya lau. Aikinsa da na metformine ne ba ɗaya ba. Yadda nas ta fahimtar da ni, metformine rage sukarin da hanta ke zubowa cikin jini yake yi, ya kuma taimaka wa jiki ya ji insulin ɗin da yake da shi, wato sinadarin da ke saukar da suga a jini, shi ya sa in shi kaɗai ake sha da wuya ya kayar da mutum. Shi kuwa wancan, da 'yan uwansa irin su gliclazide, matsa wa jiki suke ya fitar da insulin, ko kin ci ko ba ki ci ba. Kin sha ba ki karya ba, kin jawo wa kanki. Ga tsofaffi da masu matsalar ƙoda abin ya fi muni. Ni dai ina zargin irinsa ne ake so a ba ki, in ma ba shi ba ne, abin da ba ki san sunansa ba me zai kai shi cikinki?

Maganar cikinki kuwa, ki koma wurin wanda ya rubuta miki, ki faɗa masa komai, har yawan zuwa banɗakin, ba abin kunya ba ne. Ni da na koma aka dawo da ni 500 sau ɗaya a rana, da tuwon dare, bayan sati biyu aka ƙara, a hankali har na koma inda nake. Da tun farko haka aka yi da ban sha wuya ba. Kuma a tsakiyar cin abinci ake sha ko da an gama, ba da ruwan shayi ba ciki wayam. Ni sai na yi loma huɗu biyar nake haɗiya, in ci gaba da ci. Mafi yawan mutane cikin 'yan makonni ciki ke sabawa. In ya ƙi, akwai irinsa mai narkewa sannu a hankali, shi ba a tauna shi ba a daka shi, ki tambaya ko za a samu.

Amma ki ji wannan da kyau. In zawon ya yi yawa har da amai, kin kasa riƙe ruwa, fitsari ya ragu, ko zazzaɓi ya kwantar da ke ba ci ba sha, ba a ci gaba da metformine a haka, ki dakata ki tafi asibiti ranar. Ƙoda ce ke fitar da shi, in jiki ya bushe sai ya taru ya zama guba a jini. Ba ya yawan faruwa, amma in ya faru ba wasa. An auna miki ƙoda kuwa kafin a ba ki? Awon creatinine ake ce masa, ni duk shekara nake yi. Saboda ƙodar ne ma aka hana ni diclofenac da ibuprofène da nake sha kamar gyaɗa don ciwon gwiwa. In za a yi miki hoton da ake sa wani ruwa ta jijiya, ki ce kina shan metformine. Kai, ko maganin zazzaɓi za a ba ki ki faɗa, domin quinine da kansa yana saukar da suga, Bactrim kuma yana ƙara wa irin su glibenclamide ƙarfi. Su kuma 'yan ƙwayoyin ƙiba da 'yan matanmu ke sha, dexaméthasone, suga suke hayarwa, na gaji da yi wa 'yar ƙanwata faɗa.

Za ki ji masu cewa ki zubar da na asibiti ki koma shuwaka da darbejiya da garafuni. Kishiyata ta yi wata shida a haka, yanzu idonta ɗaya ba ya gani sosai. Ni ina cin zogalena a kwaɗo, abinci ne, amma ban ajiye ƙwayata ba. Ɗana ya ce shi kansa metformine ɗin asalinsa daga binciken wani tsiro aka kai gare shi, kuma tun 1957 ake ba masu suga shi a Faransa. Ashe ba sabon abu ake gwadawa a kanmu ba. Bambancin dai shi an auna, kin san 500 ne ko 850, kofin saiwa kuwa wa ya auna shi?

In kin manta ba ki sha ba, kada ki haɗa biyu. Ni dai kalmar haɗa biyu ko jinta ba na so. Kada kuma ki bar kwalin a rumfar kwano ko kusa da murhu, zafi na lalata magani. Ki saya a farmasi da kwalinsa, ki duba ranar lalacewa. Araha ba ta ado.

Ko da metformine kaɗai kike sha, ki koya wa mutanen gida, don gobe ana iya ƙara miki wani. Gumi mai sanyi, rawar jiki, magana ba kan gado, ko awo ƙasa da 0.70 g/L, suga ne ya faɗi, to sukari ake ba mutum. Na kwali ƙwaya 3 a ruwa, a jira minti 15, in bai dawo ba a ƙara, sannan ya ci abinci sosai. In ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Ni yanzu a bakin zanena sukari ne ɗaure inda a da nake ɗaure goro, kuma duk layin masu kifi na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaya musu, har maƙwabciyar tawa, ta yi ta kuka.

Azumi ma kada ki jira sai an ga wata. Tun Sha'aban nake zuwa a gyara mini lokacin sha. An ce mini in awo ya sauka ƙasa da 0.70 ko ya haura 3.00 in karya, na kuma tambayi malaminmu ya ce marar lafiya yana da rangwame. Bara kwana 4 na sha, na rama da sanyi. Sai awon nan na wata uku-uku, HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a watannin, da kuɗi amma shi ke tona asirin mutum, nawa na ƙarshe 7.2, likita har murmushi ya yi. Ƙafafuna ne dai suke mini kamar ana tsira allura da dare, an ce daɗewa a kan metformine na iya rage bitamin B12, ciwon ma kansa na kawo haka, wata mai zuwa za a auna mini.

Ke dai gobe ki shirya ki koma asibiti da kwalinki a hannu, ki karya kafin ki fita. In kin riga kin karɓi ƙwayar mutumin nan, kada ki sha ko ɗaya, ki tafi da ita a duba miki sunanta. In kin dawo ki gaya mana abin da likita ya ce, zan ta duba wayata. Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.