Amsa kan kuskuren uba a binciken gadon jini

Malam, ka tambaya ko rubuta wanda ba shi ne uban jini ba yana ɓata binciken gado a iyali. Ƙwarai kuwa. Mai bincike yana bin cuta ne daga kaka zuwa jika. Idan an saka uban da ba shi ba, sai a ga kamar cutar ta tsallake wani, ko a ɗauka sabon sauyi ne ya auku a ƙwayar halittar yaron, lissafin ya karkace.

Dubi Sarki Richard na Uku na Ingila, wanda aka tono ƙasusuwansa a birnin Lesta a 2012. DNA ta wajen uwa ta dace da zuriyar 'yar'uwarsa, amma sashen DNA da ake kira Y, da ke bin maza kaɗai, bai dace da na gidan Somerset ba, waɗanda a rubuce danginsa ne ta wajen uba. Wato a wani wuri cikin zuriyar an samu uban da ba shi ba.

Sai dai a yi hattara da batun sikila. In uba AA ne aka ce ɗa SS, kar a yi saurin zargin matar. A sake gwajin a wani wuri, don kuskuren gwaji na faruwa, kuma beta-talasemiya, wata cutar jini da ake gada, kan rikita sakamako.