Ƙyallen Centella Zai Kwantar Mini da Zafin Fuska?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a Samaru. Fuskata ta zama ko ruwan alwala ya taɓa ta sai raɗaɗi, ga ja a kumatu da ƙananan ƙuraje. Abin ya tsananta ne tun da man haɗin da nake saya wurin wata Hajiya ya ƙare, ga kuma hunturu ya shigo. Ƙawata ta ce in nemi ƙyallen nan na centella da ake mannawa a fuska. Zai warkar da ni? Wallahi tsoro nake ji kada fuskar ta lalace gaba ɗaya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kwantar da hankalinki, irin wannan fuskar tana gyaruwa, sai dai da haƙuri.

Centella asiatica ganye ne da aka daɗe ana maganin rauni da shi a Indiya da Siri Lanka da Madagaska, kamfanonin Koriya ta Kudu kuma suka yayata shi da sunan cica. Sinadaran cikinsa, musamman madecassoside da asiaticoside, suna rage kumburi, suna taimaka wa fata ta haɗe. Ƙyallen kuwa a jiƙe yake da ruwan centella, aikinsa ya riƙe ruwan a fuska. Ga fatar da iskar hunturu ta busar, za a ji sanyi da sauƙi. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Kada ki bari ya bushe a fuskarki, ki kuma bi shi da basilin ko man kaɗanya mai kyau. Ki zaɓi wanda ba turare ba alkohol, ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ki fara gwada ruwan a bayan kunne ki jira kwana biyu, don akwai waɗanda centella ɗin kanta ke tayar musu da ƙaiƙayi.

Amma ni ba ƙyallen ne ya tsaya mini a rai ba. Man Hajiyar nan ne.

Kin ce fuskar ta rikice ne da man ya ƙare. Wannan ita ce alamar da muke gani kullum a asibiti, kuma kusan duk mai zuwa da ita sai ta ce, "Ai Likita fatata ce ba ta son wahala, man ne kawai ke karɓar ta." A'a. Mafi yawan lokaci man ne ya jawo ciwon. Masu haɗin nan sukan matse tub na clobetasol ko betamethasone, magungunan sitiroyid masu ƙarfi da muke rubutawa na ɗan lokaci kaɗan, su kwaɓa da mai da turare, wasu su ƙara hydroquinone, sinadarin da ke hasken fata, su zuba a roba mara suna, su ce oganik ne, wai kurkum da madara kawai. Kurkum da madara ba sa sauya launin mutum cikin mako biyu. Da farko fuska ta yi haske ta yi sumul, ƙawaye su yaba. A ƙarƙashi kuwa fatar sirancewa take yi. Ki ɗauki madubi ki tsaya bakin taga: idan kin ga siraran jijiyoyi ja a gefen hanci, ko gashi ya fara fitowa a kumatu, ko gaɓoɓin yatsunki sun fi bayan hannun duhu, to kin samu amsarki. Da an daina shafawa sai fatar ta yi bore, sai a koma wurin mai haɗin da gudu, ita kuma ta ce, "Kin gani ko? Ai na faɗa miki kada ki bari ya yanke." Ciniki ya ɗore ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mai haɗin ba ta san adadin abin da ta zuba ba, ba ta kuma nan ranar da nankarwa za ta tsage cinya da hammata, tabon da ba ya komawa. Sitiroyid yana ratsa fata ya shiga jini, idan an daɗe ana shafe jiki da shi yana iya tayar da suga da hawan jini. Har jarirai ake shafa wa, wai kada yaro ya yi baƙi. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, amma ki shiga kasuwar Sabon Gari ko ki buɗe WhatsApp ki gani ko an fasa. Mu ji tsoron Allah. Ke mai haɗi, wadda ta zo miki da amana tana neman gyara, ki sayar mata da cuta a roba, me za ki ce gobe kiyama?

To ke yanzu, kada ki sake sayen man. Ki ajiye sabulun salo da dilka da lemon tsami da duk wani abin gurza fuska. Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu mara turare, mai mara ƙamshi, sannan ki kare fuskar daga rana. Ƙyallen centella ki jinkirta shi har zafin ya lafa, daga nan sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Ki je ɓangaren fata a asibitin koyarwa na Shika, don wani lokaci sai an janye sitiroyid a hankali da wani magani, musamman idan duk jiki kike shafawa. Ki tafi da robar man, ko da ragowar gindi ce, ki kuma faɗa wa likita gaskiyar watannin da kika yi kina shafawa.