Ɗana, bar sukarin nan a gida

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce malamin da ke duba aikinka a jami'a ya gayyace ka gidan shayi a garin Uji na ƙasar Jafan ranar Asabar, kuma an gaya maka shayin ba sukari ba madara, ga zaman ƙasa na kusan awa biyu. Shi ne kake tambaya ko laifi ne ka saka sukari a aljihu, ko ka nemi uzuri ka tashi bayan rabin awa, sannan yaya za ka yi da sunkuyawar da suke yi wajen gaisuwa. Maganar sukarin ta ba ni dariya har mutanen gida suka leƙo suna tambayar lafiya. Amma da dariyar ta lafa sai na ji ba daɗi, don ban zaci ɗan gidanmu zai riƙa ƙirga mintocin da zai ba dattijon da ya karrama shi ba.

Kai ba ka tarar da kakanka da ƙarfinsa ba. Lokacin da yake da rumfa a Kantin Kwari akwai wani Buzu mutumin Agadas da ke gadi a layinsu. In Buzun nan ya hura gawayi ya ɗora 'yar butarsa, Baba yakan bar ciniki ya zauna, kuma ba ya tashi sai an sha zubi na uku, ko da masu saye na tsaye. Mukan yi ƙorafi a ranmu. Shi kuwa abin da yake cewa ɗaya ne: wanda ya hura maka wuta, ba ka barinsa da ita.

Garin da za ka je na taɓa zuwa. A tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatar gona ta tura mu Jafan kwas na noman shinkafa, da muka gama sai aka zaga da mu Kyoto, daga nan aka gangara da mu Uji, tafiyar da ba ta da nisa a jirgin ƙasa. Watan Mayu ne, lokacin sabon ganye. Ka ciro kwabon yen 10 daga aljihunka ka duba ginin da ke jikinsa, wani gidan ibadarsu ne da ake kira Byodoin, a garin yake. Kusa da gadar kogin kuma akwai shagon shayi na gidan Tsuen, wanda suke lissafa farkonsa tun 1160. Mu wani ƙaramin gida aka kai mu, can cikin lungu.

Tun daga ƙofa muka tuɓe takalma. Tafinta ya ce mu cire agogo da zobe kada su karce kofin mutane, kuma kada mu taka ƙyallen da aka yi wa gefen tabarmar, wadda suke kira tatami. Ɗakin babu tarkace. Rubutu guda aka rataye a wani ɗan lungu na bango, da fure guda a ƙarƙashinsa. Wata tsohuwa ce ta shigo a durƙushe, ta gaishe mu, ta jera kayanta ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ruwan. Ta tafasa shi sosai, sai kuma ta juye a wani kwano ta zauna tana jira ya huce. Ta taɓa gefen kwanon da tafin hannu, ta ƙara jira. Daga baya aka yi mana bayani cewa wannan ganyen, gyokuro, ruwan da bai wuce digiri 50 zuwa 60 ba yake so, domin tafasasshen ruwa ɗacinsa yake fitarwa ya danne zaƙin. Ta ɗebi ganyen da ɗan cokalin katako, sirara ne, kore shar har yana sheƙi, ta zuba a wata 'yar buta mai mariƙi a gefe. Ta tsiyaya ruwan a hankali ta rufe. Wajen minti biyu babu wanda ya ce uffan. Sannan ta soma zubawa: ɗigo a kofin farko, ɗigo a na biyu, har na ƙarshe, ta sake dawowa ta baya, don kada na wani ya fi na wani ƙarfi. Ta yi ta karkata butar har ɗigon ƙarshe ya faɗo.

Abin da aka miƙo mini bai cika baki ɗaya ba. Na kurɓa, sai na ji ba shayin da na sani ba ne. Yana da kauri a harshe, ya fi kusa da romo, ga wani zaƙi da ke tasowa bayan ka haɗiye ya daɗe a maƙogwaro. Abokin tafiyata, wani mutumin Bida, ya dube ni na dube shi. Tsohuwar ta lura, ta yi murmushi, ta tura mana 'yar alawar da aka yi da jan wake. Zubi na biyu ta ƙara wa ruwan zafi, ɗan ɗaci ya bayyana. Na uku ya fi sauƙi. A ƙarshe ta kwashe jiƙaƙƙen ganyen a ɗan faranti, ta ɗiga masa miyar waken soya, ta ce mu ci. Muka ci, da laushi ƙwarai.

Ni ma'aikacin gona ne, don haka ban bar wurin ba sai da na tambayi yadda ake noma shi. Kimanin kwana 20 kafin tsinka ake rufe gonar da rumfar kara da ciyawa a hana ta rana, abin da ke sa ganyen ya tara zaƙi ya rage ɗaci ke nan. Mafi kyawunsa da hannu ake tsinka, sau ɗaya a shekara. Da an tsinko ake turara shi kafin ya canza launi, a murza, a busar. Tsinkar farko suna danganta ta da kwana na 88 daga shigowar bazararsu, wajen 2 ga Mayu. Hanyar turarawa da murzawar nan wani manomi ne mai suna Nagatani Soen ya daidaita ta a 1738, a Ujitawara, ƙauyen da ke maƙwabtaka da inda za ka. To ka dubi wannan wahala, ka dubi tsohuwar da ta zauna tana gadin zafin ruwa saboda kai, sannan ka ce za ka zaro ƙullin sukari daga aljihu?

Kada ka haɗa wannan da ɗaya shayin nasu na gari, matcha, wanda ake kaɗawa da tsinken gora. Shi ne mai tsauraran ƙa'idoji da aka gada daga Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, har da 'yar ƙofar da sai ka rarrafa za ka shiga. Na ganye ya fi sassauci. Wanda ya yaɗa shi a Kyoto wani tsohon malamin addininsu ne da ake kira Baisao, da ya bar gidan ibada yana yawo da kayan shayinsa yana dafa wa mutane a bakin hanya. Saboda haka ana hira a wurin, kuma in ƙafarka ta yi sanyi ka nemi izini ka gyara zama, ba za su ga laifinka ba.

Kakarka takan ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ka zuba wa malaminka ido, abin da ya yi ka yi. Ka karɓi kofi da hannu biyu. Kada ka fesa turare ranar, yana kashe ƙanshin shayin. Ka sa safa mai tsabta. Ba a ba da kuɗin goro a can, in ka miƙa ma kunya za ka ba su. Ka yaba da bakinka, don Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Alawar yawanci wake ce da shinkafa da sukari, amma ka tambaya, ita da miyar, ko an sa giyar girki a ciki. Tambayar ba ta ɓata musu rai.

Abin da ke damuna ba kai kaɗai ba ne. Yanzu a gidan nan in baƙo ya zo, lemon kwalba ake dire masa, talabijin na ta surutu, mai gida da baƙon kowa kansa a kan waya. Yaran unguwa a tsaye suke shan shayi a teburin mai shayi, kofi a hannu ɗaya, ɗayan na latsa waya. An ce sauri ya haifi nawa, amma wa ke ji? Ka kashe wayar nan ka jefa ta a jaka tun daga tashar jirgi.

Batun sunkuyawa kuwa ba zan yanke maka hukunci ba, don ni ba malami ba ne. Mu mun tashi muna durƙusa wa manya, kuma na ji malamai suna hana duƙawar da ta kai kamar ruku'u. Ni a ranar hannu na ɗora a ƙirji na ɗan rusunar da kai, tsohuwar kuma ta karɓa da fara'a. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan tambayi limaminmu bayan an sauko, abin da ya ce zan aiko maka kafin ka kama hanya.

Kawunka.