Ƙarfen da aka sa ma Baba a zuciya: zai yi tsatsa? Me ya sa ba a sa mashi mai narkewa ba?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Daura: Salam likita. Watanni huɗu kenan da aka sa ma mahaifinmu sitent a jijiyar zuciya, an ce ƙarfe ne kuma zai zauna har abada. To sai na ji wai akwai wani sabo mai narkewa da kanshi, shi ne hankalina ya tashi, ko tsohon yayi aka sa mashi? Kuma ba zai yi tsatsa cikin jini ba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Ka kwantar da hankalinka, ba a yi maku ƙwange ba, kuma bari in yi maka bayanin dalili don wannan tambayar ina shan ta sosai.

Shi sitent wata 'yar raga ce mai kamar bututu, faɗinta bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba in na zuciya ne, ana zura ta ta jijiyar hannu ko ta cinya a kan ɗan balan-balan, in an kai inda kitse ya toshe sai a hura ta buɗe ta manne da bango. Ka ga yadda ake sa ma rijiya zoben siminti don kar ta rufta? To haka. A 1986 aka fara sa ma mutum shi a Faransa, na farkon-farko kuma da ƙarfen sitenles aka yi su. Na yanzu galibi haɗin kobal da kuromiyam ne ko filatinam da kuromiyam, don sun fi ƙarfi, shi ya sa ake iya yanka silin ragar da leza ya yi siriri kamar gashin kai amma bai lanƙwashe ba. Kuromiyam ɗin nan kau shi ke yi ma ƙarfen wata 'yar fata da ke hana tsatsa, sannan cikin 'yan watanni jiki da kanshi ke lulluɓe ragar da fatar cikin jijiya, ta zama kamar sashen jikin mutum.

Matsalar irin sitent na da ita ce jijiya na ɗaukar ragar kamar rauni, sai tsoka ta tsiro ta sake matse hanyar, kusan mutum 2 ko 3 cikin 10 sai sun dawo. Shi ne aka koma shafa ma ragar magani mai fita a hankali yana hana tsiron, na farko mai suna Cypher ya samu izini a Amurka a 2003, maganinshi sirolimus ma daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasar wani tsibiri da ake ce ma Rapa Nui aka samo shi, ikon Allah kenan. Da wannan masu dawowa suka yi ƙasa da 1 cikin 10. Kusan tabbas irin wannan aka sa ma Baba.

To mai narkewan fa? Gaskiya ne akwai, kuma wallahi mu kanmu likitoci mun yi ɗokin shi, don wa zai ƙi abin da zai yi aikinshi ya ɓace? Kamfanin Abbott ya fito da Absorb, na wata irin roba ce da jiki ke cinyewa cikin kamar shekara 3, Amurka ta amince da shi a 2016. Amma roba ba ta kai ƙarfe ƙarfi ba, dole aka yi silin da kauri, kusan ninki biyu na na ƙarfe, kaurin nan kuma yana dagula gudun jini. Da aka bi mutum kusan 2,000 a wani babban gwaji ana kwatanta su da masu na ƙarfe, sai aka ga gudan jini ya fi toshe mai narkewan, wanda shi ne abin da muka fi tsoro don bugun zuciya ne kai tsaye. A 2017 kamfanin ya daina sayar da shi. Ba a watsar da tunanin ba, ana nan ana gwada na maganiziyam da masu sili siriri, a 2024 ma an amince da wani mai narkewa amma na jijiyar ƙafa ƙasa da gwiwa ne. Na zuciya dai har yanzu na ƙarfe mai magani ne a gaba, ni da mahaifina ne shi zan zaɓa mashi ba tare da wani shakku ba.

Kuma ka san kafin abin nan ya shiga jikin mutum ya sha wuya. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, to ana sa ragar cikin inji mai matsa ta yana saki kusan sau miliyan 400, kwatankwacin shekara 10 kenan, a duba ko ta tsage, a jiƙa ta cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki a ga ko za ta ci, a gwada a kwamfuta, sannan a sa ma dabbobi, galibi alade don jijiyoyin zuciyarshi sun yi kama da namu, sai mutane kaɗan, sai dubbai. Absorb ya wuce duk na farkon nan lafiya lau, sai a jikin mutane bayan shekaru aibin ya fito, shi ya sa in na ji an ce sabo ya fito tambayata ta farko ita ce mutum nawa aka bi kuma shekara nawa.

Abin da ya fi damuna da Baba ba ƙarfen ba ne, magani ne. Asfirin da kulofidogirel ko makamancinshi da aka rubuta mashi don hana gudan jini toshe ragar, yawanci wata 6 zuwa 12 ake haɗa su biyun, don Allah kar ya tsallake ko kwana ɗaya, ko ya ji garau, ko wani ya ce ya koma na gargajiya, ko za a cire mashi haƙori, sai likitan zuciyarshi ya ce. Wata huɗu jiki bai gama rufe ragar ba. In kuɗin maganin ne ya yi nauyi ku faɗa ma likita tun bai ƙare ba a nemo mai sauƙi. Katin da aka ba ku mai sunan sitent ɗin da girmanshi ku adana shi, za a nema in za a yi mashi hoton MRI ko tiyata. In kau ya ji ciwon ƙirji mai danna shi da zufa, ko ya ga baƙin bayan gida, wanda kan nuna jini na zuba a ciki, kar a jira gari ya waye, a kai shi asibiti nan take.