Celeron biyu a kan Abit BP6

Malam, ka tambaya ko Celeron (firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta kamfanin Intel) biyu za su yi aiki tare a kan tsohon allon kwamfuta (motherboard) na Abit BP6 da ka samo nan Katsina. Za su yi, dama don haka aka ƙera shi a 1999. Sai dai ka nemi Celeron samfurin da ake kira Mendocino, masu gudun 300 zuwa 533 MHz, kuma gudunsu ya zama ɗaya. Celeron samfurin Coppermine ba sa aiki bibbiyu.

Windows 98 Celeron guda ɗaya take gani, ka sa Windows 2000 ko Linux. Ni zafin bazararmu ne ya fi damuna: kowane Celeron ka ba shi fankarsa. Don Allah ka duba kafasito (ƙananan sassan da ke kan allon masu riƙe lantarki) kafin ka kunna, waɗanda suka kumbura a canza su.