Amsa ga 'yar'uwar da ke tsoron yaɗa rubutunta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin daɗe kina rubuta nasihohi da gajerun labarai masu tunatarwa, amma masu karantawa ba su wuce ƙawayenki da 'yan uwa ba, alhali masu rubuta wasu abubuwan dubban mutane ke bin su. Kin kuma ce duk lokacin da kika yi niyyar kai rubutun gaba sai zuciyarki ta ce miki ai riya ce, har kin fara tunanin ajiye alƙalamin gaba ɗaya. Na jima a wannan harka, ina rubutawa ina kuma duba rubutun wasu kafin ya fita, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Zan fara da tsoron riya, domin shi ne gindin maganar. Tsoro ne mai kyau, kuma ina roƙon Allah kada ya raba ki da shi. Amma malaman da suka fi mu sanin cutukan zuciya sun riga sun hango inda yake kai mutum idan ya wuce gona da iri. Ana ruwaito daga Fudailu ɗan Iyadh cewa barin aiki saboda mutane riya ce, yin aiki saboda mutane shirka ce, ikhlasi kuwa shi ne Allah ya kuɓutar da kai daga duka biyun. Ki dubi rabin farko na maganar da kyau. Wadda ta ɓoye rubutunta don kada a ce tana neman suna, har yanzu bakin mutane take kallo. Wanda ya haƙa rijiya ya sami ruwa, sa'an nan ya rufe bakinta don gudun kada a yabe shi, maƙwabtansa ya bari da ƙishi, kuma babu tabbacin ya tsira daga abin da yake gudu.

Imam Gazali ya san wannan ciwo ciki da waje. A shekarar 1095 yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa na zaune gabansa, sai ya binciki niyyarsa ya ga son matsayi ne ke tuƙa shi. Ya bar kujerar ya tafi. Mutane da yawa a nan suke tsayar da labarin, kamar darasin shi ne a gudu daga jama'a. Amma a shekarun keɓewar nan ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, daga baya ya sake zuba irin wannan ilimi cikin harshen Farisa a Kimiya'us Sa'ada don waɗanda Larabci ya yi musu nauyi, a 1106 kuma ya koma koyarwa a Naisabur. Niyyar ya gyara, aikin kuwa faɗaɗa shi ya yi.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi hana rubutunmu tafiya, kuma ba kasafai muke son jin sa ba. Yawancin masu rubutun tunatarwa junanmu muke rubuta wa. Kalmominmu na 'yan zaure ne, misalanmu na waɗanda suka riga suka yarda da mu ne. Wanda ya fi bukatar rubutun, wato mai sallar da ta yanke masa, ko wadda ta yi fushi da Ubangijinta bayan wani rashi, yana karanta layi biyu sai ya gane ba da shi ake ba, ya wuce. Allah ya ce a Suratu Ibrahim, aya ta 4, bai aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa domin ya bayyana musu. Sayyidina Ali kuma ya ce a yi wa mutane magana da abin da za su gane, Buhari ya kawo maganar.

Wani matashi ya taɓa kawo mini rubutunsa a kan haƙuri. Ya buɗe da ma'anar haƙuri a lugga da kuma a shari'a, ya kasa shi gida uku, ya jero ayoyi da hadisai, komai daidai, babu kuskure ko ɗaya. Na tambaye shi wa ya sa a ransa lokacin da yake rubutawa. Ya yi shiru, can ya ce wani maƙwabcinsa ne da aka sallama daga aiki. Na ce to ya rubuta wa shi kaɗai. Da ya dawo da shi, rubutun ya fara ne da mutum kwance cikin dare idonsa biyu, yana jin numfashin 'ya'yansa suna barci, yana lissafin abin da ya rage a aljihu yana sake lissafawa, ya kasa ko juyawa don kada matarsa ta gane bai yi barci ba. Sai bayan mai karatu ya ga kansa a cikin ɗakin nan aya guda ɗaya ta shigo. Ilimin bai ragu ba, rabe-raben nan uku ma suna ciki, sai dai yanzu a jikin mutum suke. Wannan rubutu ya shiga hannun mutanen da matashin bai taɓa sani ba, kuma ba talla ya yi masa ba, masu karatu ne suka riƙa tura wa junansu.

Saboda haka kafin ki damu da hanyar yaɗawa, ki nemi mutum ɗaya daga wajen da'irarki, wanda ba ya jin nauyinki, ki ba shi rubutun. Kada ki tambaye shi ko ya yi daɗi, zai ce miki ya yi. Ki tambaye shi a ina hankalinsa ya tafi, kuma a ina ya ji kamar ana yi masa faɗa. Wannan ta biyun ta fi muhimmanci. Murya mai tsawa ita ke korar masu karatu fiye da komai. Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna ma da aka aike su wurin Fir'auna, magana mai laushi aka umarce su da ita, kamar yadda yake a Suratu Ɗaha, aya ta 44, balle mai karatunki da ya zo da ƙafarsa.

Game da hanyar kaiwa kuwa, ba mu muka fara wannan tunani ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowanne da irin masu karatunsa. Ta san mata da yawa ba za su taɓa riƙe takardarta ba, sai ta zuba karatun cikin waƙa mai sauƙin hadda, ta horar da jajis, wato mata malamai masu yawon koyarwa, su kai shi garuruwa ga mata 'yan'uwansu a tsarin nan na 'Yan Taru. Ba ta zauna tana jiran a zo a same ta ba. Abin da wannan ke nufi gare ki a yau a fili yake: masu saurare sun fi masu karatu yawa. Ki karanta rubutunki da muryarki, minti uku ko huɗu, ki sa shi inda za a iya turawa ta WhatsApp ko Telegram. Dogon rubutu ki yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ta tsaya da ƙafarta. Idan kina da wanda ya iya wani harshe da kyau, ki ba shi ya fassara. Ki kuma riƙa fitarwa a lokacin da aka san ki da shi, ko da sau ɗaya ne a mako, domin mutane sun fi sabawa da wanda ba ya ɓacewa. Kada ki raina gajeren abu. Arba'una Hadisi ta Imam Nawawi hadisai 42 ne kacal, shi kansa ya rasu a 1277 bai kai shekara 50 ba, amma har yau da wuya ki sami ƙasar Musulmi da ba a karanta ɗan littafin nan.

Wani abu da faɗaɗa masu karatu ke jawowa shi ne nauyi. Kuskuren da ƙawaye biyar za su gyara miki a hira, idan ya fita sai ya yi ta yawo ba ki da ikon dawo da shi. Duk hadisin da za ki sa, ki tabbatar da inda yake da kuma ingancinsa. Abin da ya shafi hukunci ki nuna wa malami kafin ya fita. Wannan ɓangare ba na yi wa kowa sassauci a kansa, ke ma kada ki yi wa kanki.

To, sai maganar nasara. Lambobin da kike gani a ƙarƙashin rubutun wasu ba ma'aunin amfani ba ne. Facebook da TikTok da makamantansu an gina su ne su tura abin da ke riƙe ido da tada muhawara, domin da lokacin mutane suke samun kuɗin talla. Rubutun da ya sa mutum ya ajiye waya ya yi alwala, ko ya zauna ya yi kuka shi kaɗai, sau da yawa ba ya barin wata alama da na'ura za ta ƙirga. A cikin rubuce-rubucena akwai wani a kan yanke zumunci da kusan babu wanda ya tanka masa lokacin da ya fita. An daɗe, sai wata baiwar Allah ta aiko mini da saƙo gajere. Ta ce ta karanta shi tana zaune a gefen gado, ta rufe, ta nemo lambar yayarta da suka yi shekaru ba sa magana, ta kira, da aka ɗauka dukansu suka kasa cewa komai sai kuka. Ba ta taɓa danna komai a ƙarƙashin rubutun ba, kuma da ba ta rubuto ba da ban taɓa sani ba. Ina da yaƙinin irinta suna da yawa a wurin kowane mai rubutu da gaskiya, yawancinsu kuma ba za su taɓa rubutowa ba.

Manzon Allah (SAW) ya ce wa Sayyidina Ali ranar Haibara, Allah ya shiryi mutum ɗaya ta dalilinsa ya fi masa jajayen raƙuma. Ya kuma ba da labarin an nuna masa al'ummai, ya ga annabi da 'yan mutane kaɗan, ya ga annabi da mutum ɗaya ko biyu, ya ga annabin da babu kowa tare da shi. Babu mai imanin da zai ce waɗannan annabawa sun gaza, domin isarwa aka ɗora musu kuma sun isar. Amma ki lura, sun fita sun yi kira iyakar ƙarfinsu. Ƙarancin mabiya bayan an yi ƙoƙari daban ne, ƙarancinsu saboda an ƙi fita daban ne. Ni dai tambayoyin da nake yi wa kaina su ne: abin da na rubuta gaskiya ne? Na kyautata shi iyakar iyawata? Na kai shi inda mai bukata zai iya cin karo da shi? Abin da ya rage bayan wannan ba a hannuna yake ba.

Kin ɗan taɓo batun kuɗi ma. Idan kika tara rubutun ya zama littafi, sayar da shi ba laifi ba ne, akwai kuɗin gyara da na bugu da kuma lokacinki. Abin kiyayewa shi ne kada kasuwa ta fara zaɓa miki abin da za ki faɗa da wanda za ki ɓoye.

Riya kuwa za ta riƙa leƙo ki ko masu karatunki goma ne ko dubu goma, don haka ki sa wa kanki wani aiki na ɓoye da babu wanda ya sani, ki kuma sabunta niyya kafin ki saki rubutu da bayan yabo ya fara zuwa. Idan kin yarda, ki zaɓi rubutu ɗaya cikin waɗanda kika fi jin tsoron fitarwa, ki turo mini tare da bayanin mutumin da kika sa a ranki lokacin da kike rubuta shi. Zan karanta in nuna miki inda na ga kin bar shi a baya, in sha Allahu.