Amsa kan ingancin wuƙaƙen aljihu na da da na yanzu

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne wuƙaƙen aljihu na da sun fi na yanzu inganci. A ganina amsar ta dogara da abin da kake nufi da inganci.

Tsofaffin wuƙaƙen Sheffield a Ingila da na Solingen a Jamus galibi da ƙarfe mai yawan sinadarin kabon aka ƙera su, wanda yake saurin ɗaukar kaifi idan an wasa shi, amma yana tsatsa da zarar an bar shi da danshi. Bayan Harry Brearley, wani masanin ƙarfe a Sheffield, ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, masana'antu suka koma gare shi sannu a hankali, kuma na farko-farkon bai riƙe kaifi sosai ba, shi ya sa dattawa suka raina shi. Ƙarfen yau ya wuce wannan matsala.

Inda aka yi asara shi ne aikin hannu. A da maƙeri ne yake daidaita ruwan wuƙa da sifirin ɗinta har ta rufe ba tare da girgiɗi ba, ƙotar kuma sau da yawa ta ƙashi ce ko ta ƙaho. Rufe masana'antun wuƙaƙe biyu na Amurka, wato ta Schrade a 2004 da ta Camillus a 2007, ya tafi da ƙwararru da yawa, sunayen kuma suka koma kan kayan da ake ƙerawa a wasu ƙasashe da araha. Sai dai ka tuna cewa nagartattun tsofaffin ne kawai suka iso gare mu, marasa kyau sun daɗe da karyewa.